Gyaɗar Kamilu a Shagon Yaya Goni

Zuwa ga Yayana Zunnuraini, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan Gaya lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida.

Yaya, zancen shagon marigayi Yaya Goni ne ya sa na ɗauki biro. Ka san shagon, in ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Amma a cikinsa yake gyara fiyanon mawaƙan biki, har daga Ajingi ake kawowa. Ya kafa katako ya jera su a tsaye kamar alluna, teburinsa a jikin bango yake ninkewa, sukurori kuma a gwangwanayen madara da ya rataye a rufi. Tun rasuwarsa 'yarsa Muhsina ke riƙe da aikin, ko ƙusa ba ta sauya wa wuri ba.

To, da kaka ƙaninmu Kamilu ya kwaso gyaɗarsa daga Toranke ya jibge a rabin shagon, wai tunda Yaya Goni ya iya zaman matsi, 'yarsa ma ta iya. Na tuna masa Yaya ko ƙosai bai yarda a ci a shagon nan ba, saboda ɓera. Ya ce karatu ne ya yi mini yawa. Ashe sai da digiri ake sanin ɓera na son gyaɗa.

Ɓerayen kuwa sun zo. Sun cinye wayoyin fiyanon mutane, wasu sun ɗauke kayansu, sun ce ba za su dawo ba. Har fiyanon Yaya Goni kansa, tsohon nan da yake gwada sauti da shi, sun yi gida a ciki. Jiya na tarar da Muhsina a bakin ƙofa, don ciki babu wurin zama, ta ɗora shi a cinya tana ta dannawa. Bai yi ƙara ba.

Kai ne babba yanzu, maganarka kaɗai Kamilu ke ji. Ka kira shi ya kwashe buhunan kafin sauran masu kaya su janye, in ba haka ba shagon ya mutu, yarinyar ta rasa uba karo na biyu.

Ka gaida Zara da Afra'u da Muhyiddeen. Inna na gaishe ka. Ban gaya mata ba, har yanzu tana tambaya me ya sa ba ta jin Muhsina na kaɗa fiyanon babanta.

Ƙanwarka,
Halima Sadiya