Juyen Man da Baba Ya Yi wa Motar Surukata

Assalamu alaikum Admin da dukan jama'ar wannan zaure. Don girman Allah a saka mini wannan ba tare da sunana ba, garinmu ƙarami ne, a rufa mini abin da zai rufu. Don Allah ku ba ni shawara, musamman direbobi da masu gyaran mota, da malamai ma in akwai su a nan, domin maganar daga baƙin mai ta fara amma yanzu ta fi ƙarfin baƙin mai.

Ni direba ne a Matameye, ina da mata da ƴaƴa uku. Harkar mota gado ce a gidanmu. Kakana yana cikin mutanen farko na ƙasar nan da suka riƙe sitiyari, tun lokacin da Nasara suka fara shigo da kamyo, wato manyan motocin kaya, Damagaram, a hannunsu ya koyi tuƙi da gyara, shi kuma ya koya wa mahaifina. A zamanin ƙarfin Baba babu direban da ke bin hanyar Damagaram zuwa iyaka da bai san rumfarsa ba, har daga Kance da Icirnawa ake janyo masa matattun motoci ya tashe su. Yanzu ya tsufa, ido ya yi rauni, motocin zamani kuma na'ura ake jona musu kafin a san ciwonsu. Duk da haka kullum da safe sai ya fita ya share rumfar, ya jera kayan aikinsa a kan buhu, ya zauna, azahar ta yi ya tattara ba wanda ya tsaya sai ƴan gaisuwa.

Surukata Hajiya, wato mahaifiyar matata, ƴar kasuwa ce, wake da gyaɗa take saye a ƙauyuka, da rake in lokacinsa ya yi. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da komai, mace ce mai kirki amma magana ɗaya take yi. Bana ta sayi pikof sabuwa dal daga kamfani, da ledarta a kujeru. Tana da ƴaƴa maza, amma ni ta aika aka kira, na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, ta miƙo wa matata makulli ta ce ta ba ni. Ta ce, "Na ba ka amana don na san ba ka da rawar kai. Sharaɗi ɗaya ne, babu mai buɗe cikin motar nan sai mutanen kamfani." Su kuma a kamfani suka ba ni ɗan littafin motar da muke cewa karne, suka ce juyen mai, bidanj kamar yadda muke faɗa a nan, duk kilomita dubu biyar ne, a garejinsu na Damagaram, su buga hatimi a littafin. In wani ya taɓa, garanti ya tashi, duk abin da ya samu injin ba ruwansu. Na ce na ji na yarda.

Ranar da na kawo motar ƙofar gida Baba ya zagaye ta sau uku yana shafawa, ya kara kunne a jikinta ya saurari injin, ya sa mini albarka. Da na faɗa masa zancen dubu biyar sai ya yi dariya. Ya ce sabon inji jariri ne, man farko ba ya wuce kilomita dubu, don ƙarfe yana cin ƙarfe yana zubar da gari a ciki, bayan nan kuma a irin yashinmu duk dubu biyu ake juyewa, haka mahaifinsa ya koya masa kuma bai taɓa ganin injin da ya mutu a kan wannan ƙa'ida ba. Ya ce masu kamfani so suke ta lalace a sake sayen wata. Na lallaɓa shi na ce zamani ya canza, man yanzu ba irin na da ba ne, kuma umarnin mai mota ne. Kullum na dawo sai ya tambaye ni kilomita nawa ta yi, in faɗa, ya girgiza kai. Da ta kusa dubu biyu muka yi maganar da ban taɓa yi da shi ba, na ce masa gaskiya ba zan iya kawo ta rumfa ba. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Ni da na kwance injin kamyo na mayar da hannun nan, yau ɗan cikina ne yake tsoron in taɓa noti ɗaya. Allah ya yi maka albarka, je ka." Daga ranar bai ƙara tambayata ba, in na wuce ta gaban rumfa sai ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a ƙasa. Wallahi jama'a da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ana haka Hajiya ta tafi Kano biki na mako guda. Na yi ta saƙawa da kwancewa, na ce a raina juyen mai ne fa, abin da Baba ya yi sau ba adadi, wa zai sani. Da hantsi na kai masa motar. Ban taɓa ganin irin farin cikin da na gani a fuskarsa ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Ya tuɓe babbar riga, ya shimfiɗa tabarma, da kansa ya shiga ƙarƙashinta, ya hana ni taɓa komai. Mutane suka taru, ya murza tsohon man a yatsunsa yana nuna musu yana cewa su ji garin ƙarfe. Ya sa filtar da ya sayo a kasuwa, ya zuba mai mai kauri irin wanda ya saba sa wa manyan motoci, ya ɗaure notin ƙasan injin da lalube, don idon ba ya gani sosai a inuwa. Ranar har tuwo ya ƙara.

Ga inda laifina yake, kuma shi ne abin da ban faɗa wa kowa a gida ba sai matata. Bayan kwana biyu na fito da safe na ga ɗigon mai a ƙasa daidai ƙarƙashin injin. Baba yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi. Na san in na yi magana dole in ce masa hannunsa ya kuskure, in kuma na kai wa wani makaniki a gari kafin la'asar kowa ya ji. Sai na sa ƙafa na ture yashi na rufe, na ce a raina ragowar man da ya zube ne. Washegari na sake gani, na sake rufewa. Ashe haƙoran notin ne suka cinye wajen ɗauri. A kwana na huɗu ina dawowa daga wajen Kurni da lodin wake, jar fitilar gargaɗin mai ta kama a gaban sitiyari, ni kuma ina tsakiyar yashin da in ka tsaya ka kafe, sai na ci gaba da taka ta har na kai tudu. Na zaro sandar gwajin mai, ko laima babu. Wurin wani mai injin niƙa na samo mai na zuba, na naɗe notin da roba, na iso gida. Tun daga ranar in na tashe ta da safe sai ta riƙa wani ƙara ƙwas-ƙwas kamar ana ƙwanƙwasa faranti, in ta yi zafi ya ragu. Haka na ci gaba da aiki ina ƙara mai a ɓoye har ta cika dubu biyar.

Makon jiya na kai ta Damagaram. Shef ɗin garejin, wato babban makanikinsu, ya shiga ƙarƙashi bai daɗe ba ya fito, ya ja ni gefe. Ya ce filtar nan ba tasu ba ce, man ba nasu ba ne, notin ma an wahalar da shi, kuma injin ya ji ciwo, sai an buɗe. Ban iya yi masa ƙarya ba, na faɗa masa komai. Da na ambaci ko ɗan waye ni sai ya dafe kai, ya ce shekarun baya tsohon nan ya taɓa fitar da shi kunya a hanya ranar da motar ɗaukar amaryar ƙanensa ta mace, kuma ya ƙi karɓar komai. Sannan ya ce akwai hanya ɗaya, zai mayar da filtarsu da mansu, ya rubuta cewa tun daga kamfani notin ya zo da matsala, ni kuma in sa hannu cewa babu wanda ya taɓa motar. Ya ce, "Aikina nake sawa a wuta saboda mahaifinka, je ka yi tunani, amma kada ka wuce mako." Ya ɗaure mini notin na wucin gadi, bai buga hatimi a karne ba, na dawo.

To kun ga inda na tsaya. In na sa hannu, na ci haƙƙin kamfani, na yi shaidar zur da hannuna, na kuma jefa bawan Allah da ya tausaya mini cikin haɗari. In na faɗa wa Hajiya gaskiya, garanti ya tafi, gyaran ya dawo kanta, kuma na san ta, ba za ta zagi Baba ba amma za ta aika a faɗa masa ya daina taɓa motocin mutane, ƴaƴanta maza kuwa da ma suna jin haushin ba ni makullin, a tasha za su baza shi. In kuma na ce ni na yi juyen da hannuna, na rufa wa Baba asiri amma ƙarya ce ita ma, kuma ba za ta tsaya ba, don mutane sun fi goma da suka gan shi a ƙarƙashin motar. Matata da na faɗa mata kuka ta yi, ta ce kada in sa ta tsakanin uwarta da surukinta, duk wanda ta bi ta yi asara, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da ya fi ɗaure ni shi ne Baba bai san komai ba. A wurinsa ya ceci motar. A majalisa yana ba da labari cewa sabuwar motar Hajiya ma shi ke duba ta, kuma saboda wannan magana direbobin tasha biyu sun dawo suna kawo masa motocinsu, motocin da ke ɗaukar mutane cike har saman kaya. Yanzu duk aikin da ya yi sai in san dabarar da zan bi bayansa in taɓa notunan in ji, jiya na samu wani notin tayar gaba bai ɗauru ba, na ɗaure ban ce komai ba. Ranar da ba na gari fa? Wannan kaɗai yana hana ni cin abinci. Mutumin da ya yi shekaru yana zaune ba mai kallonsa, yanzu ya miƙe, har sabuwar tabarma ya sa a rumfa, ni ne zan je in ce masa Baba idonka ya ƙare, ajiye kayan aiki?

Shekaranjiya na sauke Hajiya a gida, kafin ta fita ta ce ta ji wani ƙara a motar da ba ta san shi ba, ta tambaya ko na kai ta bidanj. Na ce na kai. Ta ce to in kawo mata karne ta ga hatimin, ranar da ta yanka mini kuwa jibi ce. Shi kuma Baba yau bayan sallar asuba ya riƙe hannuna ya ce ta lissafinsa motar ta ma wuce lokacin juye na biyu, in kawo ta gobe da hantsi, ya riga ya faɗa wa mutane.

Masu sanin mota, don Allah ku gaya mini tsakani da Allah, sabuwar pikof a irin hanyoyinmu duk kilomita nawa ya kamata a yi mata juye, dubu biyar ɗin kamfani ko dubu biyun Baba? Ina so in sani ne ko da akwai gaskiya ɗaya da zan riƙa masa in ce Baba a nan kai ne daidai, kafin in faɗi sauran. Malamai kuma, sa hannun nan yana da wata mafita ko haramun ne kai tsaye? Waɗanda suka taɓa faɗa wa mahaifi cewa ƙarfinsa ya ƙare, da wane baki kuka fara? Kwana ɗaya ya rage mini da Baba, biyu da Hajiya. Ku faɗa mini ƙofar wa zan fara yi wa sallama, don duk wadda na nufa sai ƙafata ta ƙi.