Takwararki da Agwagwar Ƙasar Ƙanƙara

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, Umma, albishirinki! Na san babu mai ce min goro, amma sai na faɗa: takwararki Ummi ta yi Hausa.

Na san yadda abin nan ya ci miki rai. In kin kira kin ce "Kin ci abinci?" sai ta ce "Already makan lah," wai ta riga ta ci, ta ruga. Kika ce min, "Kin kai min jika inda aka musanya mata baki." Kika rasu ana tsakiyar kullen korona, babu jirgi, ko zaman makoki ban samu ba.

Muna tsare a benenmu na unguwar Cheras, nan Malesiya, sai malamarsu ta ba su aiki ta kwamfuta kan wata tsuntsuwar ƙasashen sanyi. Yarinya ta haukace a kanta. Ni kuwa na samu makama, na ce kunnena ya daina jin Turanci, mai son ba ni labarin tsuntsuwa ya zo da Hausa. Ta yi kuka, har yaji ta yi zuwa bayan kujera. Amma cikinta ba ya riƙe labari, gadonki ne.

Jiya na kira Baba, wanda tun rasuwarki maganarsa ba ta wuce "lafiya lau". Ummi ta karɓe wayar. Umma, ina ma kin ji! Wai ƙatuwar agwagwa ce fara fat, wuya miƙe kamar muciya, baki rawaya mai baƙin tsini. Tana tsoma kai a ruwa ta tsinko ciyawa, ta shiga gona ta yi kalan hatsi da dankali. Can Siberiya take ƙyanƙyasa, in tafki ya daskare ta kwashi 'ya'yanta su tashi har Japan da Sin. Hausar a karkace ta fito, amma ta fito.

Baba ya ce amaryarsa ta koyi zuƙi ta malle, agwagwar da ko katanga da ƙyar take ƙetarewa. Ta tsaya kai da fata. Suka yi ta musu, yana ƙyaƙyata dariya, ni ina share hawaye, har cajin wayarsa ya ƙare.

Yau shi ya fara kira. Ko gaisuwata bai tsaya amsawa ba, ya ce a ba shi mai agwagwa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ummana, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya raya mana Ummi da albarka.

'Yarki mai kewarki kullum,
Binta