Na'urar Kunnen Baba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya ƙafar Inna, ya yaranki? Ni lafiyata lau. Ramar da kika gani a hoto, fitilar ɗakin bincike ce kawai.

Kin tambayi na'urar jin magana da na yi wa Baba alkawari. Ta yi aiki, Yaya. Shekara uku ina fama da ɗan guntun da bai kai farcen jariri ba, har ya iya raba muryar mutum da hayaniyar titi. Sai kamfanin da ke ɗaukar nauyin bincikenmu a jami'a ya kwashe komai. Ashe takardar da na sa wa hannu ranar da na iso, don murna ko karantawa ban yi ba, ta mallaka musu har tunanina.

Na roƙi guda ɗaya tak daga cikin na gwaji. Farfesanmu ya ce sirrin kamfani ne, ba ya ƙetare ƙofa. Ranar da suka yi bikin nasara, ni aka miƙa wa kyamara in ɗauke su hoto.

Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya. In za ki karanta wa Baba wasiƙar nan, ki matsa ta kunnen dama, ki ɗaga murya. Ki ce masa saura kaɗan.

Ƙaninki