Ƙwayar Barcin da Na Zubar

Inna, ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? Maƙwabciyata ke rubutawa, ni ina faɗa.

Lafiyarmu ƙalau, sai dai ƙwayar barcin da kika ce in zubar, na zubar. Kwana uku faɗuwar gaba ta dawo, har ta fi ta farko, hannuna sai rawa. Jiya wajen wanka jaririyar ta kusa suɓuce mini. Likita ya yi ta faɗa, wai ba a barin ta lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ragewa. Yanzu da reza nake raba ta huɗu.

Haba Inna, ba aljanu ba ne! Ki daina aiko turare, tari yake sa yarinyar. Don Allah Auta za ki turo mini, ta riƙa yi mata wanka har hannuna ya tsaya.