Motonka Ya Kai Cadawa

Zuwa ga Yayana, Malam Idi makaniki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Damina uku ke nan ba ka nan, kuma yau ina da labarin da zai sa ka yi mini dariyar nan taka mai fito da giɓi.

Dogon motonka na daji, babur ɗin nan mai shan ruwa, yana hannuna a Gidan Rumji tun rasuwarka. Bara ya fara tafasa. Ko gonar gero ban kai ba sai tururi ya turnuƙe ni kamar mai dafa dambu. Kawu Mamman ya yanke hukunci: in ban kai shi gidanka na Cadawa da ƙafarsa ranar Juma'a ba, masu yankan ƙarfe za su zo su rarraba shi.

Ka san ni da taƙamar karatu. Shekara ashirin ina koyarwa a lakol, makarantar boko, don haka na ɗauko littafin moton na Faransanci na karance shi tas, har da shafin da ke gode mini da na saya.

Sai na fara gwaji. Ruwan rijiya ya bar farin ɓawo cikin radiyata irin na gindin buta. Na sayo koren ruwan sanyaya inji, aka ce mini jan ya fi shi daɗewa, na sayo shi ma. Da na ga duka biyun suna da kyau, sai na yi lissafi irin na masu ilimi na haɗa su. Yaya, kunu na dama maka cikin inji. Kwana biyu ina wankewa.

Na koma ga koren kaɗai, na sirka da ruwan sama da na tara a randa. Ya sake tafasa. Makanikan bakin tasha suka taru suka yi masa ta'aziyya a gabana.

A nan na tuna ka. Duk ranar da ka sauya masa ruwa, sai ka kifa turmi, ka ɗora ƙafar gaba a kai, ka buɗe murfin radiyata, ka riƙa karkata moton dama da hagu kana matsa tiyo kamar mai tatsar akuya. Ni kuwa ina kan tabarma da littafi, ina ce wa baƙi wana yana koya wa moto rawa. Ba ka taɓa tanka mini ba, sai dai ka ce, "Iska ce a ciki, Malam, ita ma hanya take nema."

Littafin ma ya faɗi haka, a layi guda, a ƙasan shafi. Na wuce shi ne don ya yi mini kama da maganarka.

Na kifa turmin gidana, maƙwabta na leƙe ta kan darni. Na sassauta 'yar ƙusar da ke saman injin, iska ta yi tsaki ta fita. Na karkata, na matsa. Kumfa ta taso bakin murfi ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya faɗa ƙasa, na ƙara. Sau huɗu na yi, har tiyon radiyata guda biyun suka ɗau ɗumi daidai. Na tsaya riƙe da lakile na kwance ƙusa, hannuna baƙi ƙirin, ban san lokacin da na ce "Yaya" da ƙarfi ba.

Ranar Juma'a da hantsi na tashi. Ban bi kwalta ba, da gangan na yanki rairayi ta Sae Sabuwa don kada Kawu ya ce na yi masa sauƙi. Na wuce amalanken jakuna, na wuce wani Bafillace da ya ɗaga mini sanda. Duk inda yashi ya yi zurfi ina jiran tururi, bai zo ba. Na faɗi sau ɗaya, amma laifina ne, kuma ba wanda ya gani.

Kawu na zaune a ƙofar gidanka tare da mai yankan ƙarfen, har ya zo da buhunsa. Ya zagaya moton, ya duba ƙasa ko ɗigo guda babu, ya ce wa mutumin ya sha ruwa ya kama hanya.

Ina shirin kashe injin sai ga Hure, uwar 'ya'yanka, a bakin zaure da ludayi a hannu. Tun ina kwanar masallaci ta ji ƙarar, ta fito yadda ta saba fitowa tarbarka. Ta dube ni, ta dubi moton, ta ce, "Kada ka kashe shi tukuna."

Na bar shi yana aiki har aka kira sallah.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya sanyaya makwancinka, Ya raya abin da ka bari, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Ƙanenka,
Malam Sule