Rasuwar Alhaji Safiyanu Chindo da Muryar da Aka Ƙera Masa

Cikin alhini da karyewar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Mashaya Ɗaya, mai sulhunta manoma da makiyaya a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ta samu labarin rasuwar uba kuma shugabanta, Alhaji Malam Safiyanu Chindo Tibiri, tsohon daraktan lakol, wato shugaban makarantar boko, wanda Allah ya karɓi ransa ranar Asabar da hantsi a gidansa da ke Tibiri, bayan ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi tun dawowarsa daga kasuwar Cadawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun da marigayi ya ajiye alli, bai zauna ƙofar gida ya huta ba kamar sauran tsararsa. A kan burtali da mashaya ya ƙare ƙarfinsa. Kowa a yankin nan ya san cewa bayan kaka, idan hukuma ta tsayar da ranar sakin gonaki, ranar da bisashe za su iya shiga su ci kara da harawa, bakin Alhaji Safiyanu ake jira. Da farko a gidan rediyon karkara yake sanarwa, daga baya ya koma tura saƙon murya ta salula. Ƙa'ida guda ya kafa wa makiyaya, ta kuwa raba mu da zubar da jini shekaru masu yawa: kada kowa ya kora garke gona a kan jita-jita ko takardar da ba ya iya karantawa, sai ya ji muryar Alhaji da kunnensa.

A kakar bana wani marar tsoron Allah, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya tattara tsofaffin saƙonnin marigayi ya ba na'urar ƙirƙirarriyar basira, ta ƙera masa murya sak irin ta Alhaji, har da gyaran muryar da yake yi kafin sallama, tana cewa an saki gonaki, alhali dawa da wake suna tsaye. Malam Habu Isma'ila, magidanci mai noma da kiwo a wajen Gangara, ya ji saƙon ya yi abin da aka koya masa, ya kora shanunsa cikin gonakin mutane. Aka yi ɓarna, aka yi faɗa, manomi guda ya ji rauni, jandarma suka tafi da Habu. Yana gidan kaso har yanzu, ana tuhumarsa da ɓarnar ganganci, kuma ranar Laraba mai zuwa za a gurfanar da shi gaban alƙali.

Wallahi abin nan ya ci ran Alhaji fiye da ciwon da ke ƙirjinsa. Ya shiga buro ya fita buro, wato ofisoshin hukuma, ya zauna da lauyoyi da masu unguwanni da arɗaɗɗan yankin, yana neman a yi doka bayyananniya: duk muryar da na'ura ta ƙera a sa mata alama, wanda ya ari muryar mutum ba da izininsa ba ya ɗauki alhakin abin da ta jawo, kotunan karkara kuma su samu masanin da zai iya bambance ta gaske da ta ƙarya. Kullum tambayarsa guda ce, cewa idan na'ura ta yi ƙarya da bakin mutum, wa za a kama? Wanda ya ƙera ta yana wata duniya, wanda ya yi aiki da ita ya ɓuya, sai talakan da ya gaskata aka samu a hannu.

Mun roƙe shi ya naɗi wani saƙon ya ƙaryata na farko, ya ƙi ƙememe. Ya ce tunda an iya ƙera muryarsa sau ɗaya, saƙon ƙaryatawa ma ba shi da wata daraja, gobe wani zai ƙera na uku. Da ƙafarsa ya bi kasuwar Gangara, ta Gazawa da ta Cadawa, yana tsayawa gaban jama'a yana rantsuwa da Allah cewa bai faɗi maganar nan ba, bai kuma yarda kowa ya ɗaga salula ya ɗauka ba, don ya tanadi shaidarsa sai gaban alƙali, ido da ido. Gaskiyarsa ce, Allah ya sani. Amma ga shi ajali ya riga Laraba zuwa, kuma babu inda rantsuwar tasa ta rage sai a kunnuwan waɗanda suka ji ta.

A madadin kwamitin zartarwa da dukkan mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Hajiya Salima, da ɗiyarsa Malama Nazira, da sauran 'ya'ya, jikoki da dangi, da al'ummar Tibiri baki ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi. Hajiya ta kuma roƙi masu zuwa gaisuwa su daina kunna saƙon nan a wurin zaman makoki da sunan kewar muryarsa. Haba jama'a! Ba muryarsa ba ce, kuma duk sanda aka kunna sai ta tashi ta shige ɗaki tana kuka.

Daga ƙarshe, ƙungiya ba ta jin kunyar faɗin cewa dabara ta ƙare mata. Ba mu da masani, ba mu san wanda ya yi aika-aikar ba, shaidarmu guda kuma mun rufe shi da ƙasa. Saboda haka muna durƙusawa gaban duk wanda ya ji rantsuwar Alhaji a kasuwa, mai awo ne, ɗan kabu-kabu ne, ko manomin da shanun Habu suka ci wa wake, ya ajiye fushinsa ya zo kotu ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Inna Habsatu, mahaifiyar Habu, ta zo jana'iza daga Gangara, mun kasa haɗa ido da ita. Don girman Allah kada ku bar mu mu shiga mu kaɗai, domin ranar Laraba muryar ƙaryar nan za a kunna wa alƙali, kuma Alhaji ba zai miƙe ya ce ba shi ba ne.

Sa hannu:
Malam Tahiru Auta Gazawa
Kakakin Ƙungiyar Mashaya Ɗaya