Ɗana Ya Sanyaya Mini Ɗaki, Amma Babu Mai Shigowa

Assalamu alaikum Malama Ummussalma. Don Allah ki taimaki wani tsoho da shawara, domin abin da ke damuna in na faɗa wa mutane cewa za su yi ba ni da godiya.

Ni mutumin Haɗeja ne, na haura saba'in. Fataucin kifi na yi, ɗanye da banda, daga Auyo har Baturiya, sai da gwiwa ta gaza na bari. Maiɗakina Saude ta daɗe da rasuwa. Abin da ya rage mini shi ne majalisarmu a gindin darbejiya, ƙofar gidan abokina Malam Umara, wanda tare muka tashi. Ba wani abin kirki muke yi ba, musun farashin shinkafa ne da labarin ambaliyar bara, amma a nan nake jin ni ma mutum ne.

A bazarar nan, wata Juma'a na dawo daga masallaci a ƙasa, rana tana dukan ƙeya. Ina zama sai jiri ya ɗebe ni. A asibiti na farka ana ƙara mini ruwa. Likita ya ce zafi ne ya haɗu da hawan jinina.

Ɗana Abdulmannan, da ke aiki a Kano, ya zo a gigice. Ya sa aka kafa sola, aka saka mini na'urar sanyaya ɗaki a can ƙuryar gida, ya kuma umarci matarsa Sadiya, wadda muke zaune tare, kada ta bar ni in fita sai ruwa ya sauka. Allah ya yi masa albarka, ciwon kan ya tafi, ina barci sosai.

To amma Malama, gidan ba a shiga. Wane dattijo ne zai ratsa tsakar gidan matar aure ya zo hira? Malam Haladu, ɗan majalisarmu, ya taɓa yin sallama a zaure, aka ce masa ina barci, bai sake dawowa ba. Taga a rufe, ƙofa a rufe, ko kiran salla da ƙyar nake ji. Sadiya yarinyar kirki ce, amma kunyar suruki ba ta barinta ta zauna. Ta durƙusa ta ajiye kwano ta fita. Sai in wuni ban buɗe baki ba in ba a salla ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Malam Umara ya rasu. Bayan azahar aka kai shi, aka ɓoye mini sai washegari. Da na kira Abdulmannan, ya ce ranar ce ta yi zafi, ya ji tsoron in faɗi a maƙabarta. Ban yi masa faɗa ba. Amma tun ranar abinci ba ya shiga, kuma zuciyata tana ce mini in kashe na'urar nan in koma waje, abin da zai faru ya faru. Shin butulci nake yi?

Wani dattijo, daga Haɗeja.

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Malam Umara, ya ba ka haƙurin rashinsa.

Ba butulci kake yi ba. Amma bari in fara da ɓangaren ɗanka. Tsoron da ya ji ba na banza ba ne. Jikin tsoho ba ya fitar da zafi kamar na yaro, sau da yawa kuma ba ya jin ƙishirwa sai ruwan jiki ya riga ya yi ƙasa. Mai hawan jini ya fi shiga haɗari. Don haka kashe na'urar da komawa rana ba mafita ba ce, ka cire wannan daga ranka.

Inda Abdulmannan ya kuskure shi ne ya ɗauka lafiya sanyin jiki ce kawai. Ɓoye maka rasuwar ma kuskure ne, ko da da kyakkyawar niyya. Ka kira shi ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, musamman maganar abincin. Ina kyautata zaton bai sani ba.

Likita zafi ya hana ka, bai hana ka mutane ba. Ka raba wuninka. Da hantsi, kafin rana ta yi zafi, ka fita majalisa. Daga nan har la'asar ka zauna a ɗakin sanyi. Da yamma ka fito zaure. A ja waya daga solar a saka fanka a can, a ajiye randa da tabarma, a yayyafa ruwa a ƙasa. Sai ka aika wa Malam Haladu cewa kai ne ke nemansa. Wataƙila shi ma kaɗaicin ne ke cinsa tun da kuka rasa abokinku. Masallacin Juma'a kuwa a riƙa kai ka a mota ko a keke mai rumfa.

Ka riƙa kurɓar ruwa a kai a kai ba sai ka ji ƙishi ba, ka sa tufafi marasa nauyi. Ka koma wurin likita ka tambaye shi yawan ruwan da ya dace da kai, da ko magungunanka suna buƙatar gyara a bazara, ka kuma gaya masa ba ka iya cin abinci. In ka ji jiri, ko ruɗewa, ko jiki ya yi zafi babu gumi, a jiƙa maka jiki a wuce asibiti nan take.

Sannan gobe da safe ka sa a kai ka gidan Malam Umara. Ka yi wa iyalinsa ta'aziyya, ka zauna ka yi masa addu'a yadda ranka ke so. Wannan haƙƙinka ne, kuma bai wuce lokaci ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba, ya kawo mana damina mai albarka.